Wa Ke Da Sunan? Rikicin Tambari da Lasisi a Manhajar Kulle Faifai, Daga E4M Zuwa VeraCrypt

Maƙalar da aka gabatar a zaman masana kwamfuta da masana shari'a, Unguwar Rimi, Kaduna

Tsakure

Takardar ta bi tarihin TrueCrypt, manhajar kulle faifan kwamfuta da ta yi tashe daga 2004 zuwa 2014, da rigingimun mallaka da suka dabaibaye ta tun daga haihuwarta. Hujjar takardar ita ce, a manhajar da aikinta tsare sirri ne, suna yana cikin kayan tsaro, don haka mai manhaja yana da gaskiya idan ya hana kowa ɗaukar sunan. Inda masu TrueCrypt suka yi tuntuɓe shi ne cusa wannan hani a cikin lasisin haƙƙin mallaka, sannan suka ɓace ba tare da barin wanda za a tuntuɓa ba.

Gabatarwa



A ranar 12 ga Yuni, 2023, aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya. Sashe na 39 ya ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ya kuma ambaci kulle bayanai a cikin matakan da za a iya ɗauka. Sashe na 40 ya ba shi awa 72 ya sanar da hukuma idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Wannan ya hau kan asibitin kuɗi da ke titin Isa Kaita, da ofishin lauya, da malamin jami'a mai yawo da sakamakon ɗalibai a laftof. In aka fasa mota aka ɗauke laftof ɗin, abin da zai hana ɓarawo karanta fayil ɗin marasa lafiya shi ne faifan ya kasance a kulle. Cikakken BitLocker na Microsoft yana zuwa ne a Windows samfurin Pro da na sama da shi, alhali da yawa daga kwamfutocin hannu da ake saye a kasuwa Home ne ke kansu. Shi ya sa idan mai gyara ya tashi kulle faifai ba tare da an kashe ko kwabo ba, VeraCrypt ce ke fara zuwa bakinsa, tsofaffin hannu kuma har gobe TrueCrypt suke cewa. Sunaye biyu ne a kan kusan zuriya ɗaya, kuma dalilin da ya sa suka zama biyu shi ne abin da ya kawo ni gabanku.

Gadon da aka yi jayayya a kansa

A ƙarshen 1998 wani matashi haifaffen Bulawayo, Paul Le Roux, ya saki manhaja mai suna E4M kyauta, tare da rubutun tushenta, a ƙarƙashin lasisin da ya yarda kowa ya gina tasa a kanta. Daga baya ya daina kula da ita, ya koma aiki da kamfanin SecurStar na Jamus, inda shi da Shaun Hollingworth, marubucin Scramdisk, suka yi aikin DriveCrypt, wadda ta sayarwa ce. Ranar 2 ga Fabrairu, 2004, wasu da ba su bayyana sunayensu ba suka fitar da TrueCrypt 1.0, suka kuma faɗa da bakinsu cewa a kan E4M suka gina ta. Ba a kwana biyu ba suka sanar cewa sun dakatar da rarraba ta, domin Wilfried Hafner, manajan SecurStar, ya aiko musu cewa E4M mallakar kamfaninsa ce, Le Roux ma'aikaci ne da ya kwashi abin da ba nasa ba, lasisin da ya rubuta kuwa ba shi da tushe. Suka ce sun tuntuɓi Le Roux, ya amsa cewa lauyansa ya hana shi magana. A gefe guda kuma aka cire sashen da ke aiki a Windows 98 da ME, saboda marubucin Scramdisk ya ce bai ba da izinin a yi amfani da rubutunsa a wajen E4M ba.

Abin da ya biyo baya ya nuna yadda ƙafar aikin ta kasance a kan santsi. Ranar 7 ga Yuni, 2004, siga ta 2.0 ta fito a ƙarƙashin GPL, lasisin da duniyar buɗaɗɗiyar manhaja ta fi sani. Mako biyu kacal, ranar 21 ga wata, siga ta 2.1 ta koma kan lasisin E4M, don gudun matsalar da GPL za ta iya jawowa. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san ciniki: ba ka sauya sharaɗin kayan da ba ka tabbatar naka ba ne. Malaman fiƙihun Malikiyya suna da babi a kan cinikin fuduli, wato mutum ya sayar da kayan wani ba da izini ba, inda cinikin ke zama a rataye har sai mai kaya ya amince. Idan maganar Hafner gaskiya ce, duk wanda ya gaji rubutun E4M a rataye yake. Idan kuwa lasisin Le Roux ingantacce ne, SecurStar barazana kawai ya yi. Babu hukuncin kotu da ya raba gardamar. Shi kuwa wanda ya fi kowa sanin gaskiya, jami'an yaƙi da ƙwayoyi na Amurka sun yi masa tarko aka kama shi a Monrovia a watan Satumba na 2012, wata kotu a New York kuma ta yanke masa shekara 25 a 2020 kan laifuffukan da ba su da alaƙa da manhaja.

Abin da lasisin ya ƙunsa

Daga nan masu TrueCrypt suka rubuta lasisinsu na kansu, suka yi ta yi masa kwaskwarima har ya kai siga ta 3.0. A 2007 aka yi wa sunan rajistar tambarin kasuwanci a Amurka. Lasisin ya yarda a karanta rubutun tushe, a gyara, a rarraba. Amma ya gindaya cewa duk wanda ya gyara dole ya cire sunan TrueCrypt da tambarinta, kada ya sa sunan da ya yi kama da shi, ya kuma rubuta a jikin tasa cewa a kan TrueCrypt aka gina ta, tare da adireshin shafinsu. Gidauniyar FSF ta Richard Stallman ta jera shi cikin lasisin da ba na 'yanci ba, ɗaya daga dalilanta kuwa shi ne wata gaɓa da ta ce idan ba ka tabbata ka fahimci lasisin ba, ba ka da izinin amfani da manhajar. Ƙungiyar OSI ba ta taɓa amincewa da shi ba. A 2008 lauyoyin Red Hat suka duba shi don Fedora, suka gano wata gaɓa mai cewa babu abin da ke cikinsa da za a ɗauka a matsayin alkawarin ƙin kai ƙara. To lasisi kuwa, in aka tuɓe masa riga, alkawarin ƙin kai ƙara ne ga wanda ya kiyaye sharaɗi. Fedora ta ƙi ɗaukar manhajar, haka Debian da Ubuntu da openSUSE. Ma'ajiyar RPM Fusion ta sauya mata suna zuwa RealCrypt kafin ta rarraba ta.

A nan ya kamata a yi hattara, domin da yawa suna ɗauka hana amfani da suna ne ya fitar da TrueCrypt daga sahun buɗaɗɗun manhajoji. Sharaɗi na huɗu na ma'anar da OSI ta shimfiɗa ya yarda mai manhaja ya tilasta wa wanda ya gyara ta ya sauya suna. Sashe na 6 na lasisin Apache 2.0 ya faɗa ƙarara cewa bai ba kowa izinin tambari ba, sashe na 7 na GPL siga ta 3 ma ya bar wannan ƙofa. Bambancin yana ga inda aka ajiye hanin. Apache cewa ya yi maganar suna ba ta cikin wannan takarda, a je ga dokar tambari. TrueCrypt kuwa ta mai da ita sharaɗin samun izinin kwafi. A shari'ar Jacobsen da Katzer ta 2008, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Amurka ta yanke cewa karya sharaɗin lasisin buɗaɗɗiyar manhaja yana iya zama keta haƙƙin mallaka. Ke nan wanda ya taɓa sunan TrueCrypt ya zubar da izininsa na rubutun gaba ɗaya.

Muhimmancin wannan yana fitowa ne idan aka auna tsawon ran dokokin biyu. Tambari yana rayuwa ne da amfani. A Amurka, shekara 3 ba a yi ciniki da shi ba, doka na ɗauka an yi watsi da shi sai in mai shi ya kawo hujja. A Najeriya, sashe na 31 na Dokar Tambarin Kasuwanci ya ba da damar a nemi soke rajistar da aka yi shekara 5 ba a yi amfani da ita ba. Rajistar kanta shekara 7 take yi a karon farko, sannan a riƙa sabunta ta duk shekara 14. Hikimar ita ce kada matacce ya riƙe suna ya hana rayayyu. Haƙƙin mallaka bai san wannan ba: a Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta sa manhaja cikin ayyukan rubutu, yana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci, ko shekara 70 daga fitowar aikin in ba a san marubucin ba. Da masu TrueCrypt sun bar sunan a hannun dokar tambari, da yanzu an daɗe da samun hanyar da magada na gaskiya za su neme shi. Da suka ɗaure shi da haƙƙin mallaka, sai suka ba hanin ran da ya fi na duk wanda ke zauren nan tsawo.

Dalilin da ya sa suna ya zama makulli

Kafin a zarge su, a fara ba su gaskiyarsu. Mutanen Kaduna ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan jabun tambari. Masaƙun Kakuri, tun daga Kaduna Textiles ta 1957 har zuwa United Nigerian Textiles, suna cikin waɗanda atamfar fasa-ƙwauri mai kwaikwayon zane da lamba ta taimaka wajen durƙusarwa. Amma mai sayen atamfa tana da hanyar ganewa: ta murza ta a hannu, ta ɗaga ta a rana, in duk ta kuɓuce mata wankin farko zai tona asiri. Mai kulle faifai ba shi da wankin farko. Manhaja ta gari da wadda aka yi wa ɓarauniyar hanya duk taga ɗaya suke buɗewa, duk su nemi kalmar sirri, duk su nuna layin da ke cika a hankali, duk su ce an gama. A ciki, ta garin tana dagula bayanan da lissafin AES mai makulli na bit 256, ta ɓoye makullin a kan faifan, ta rufe shi da kalmar sirrinka. Ta jabun tana yin duk wannan, sai dai ta aika kwafin fayilolinka wani wuri. Likitan da ke Unguwar Rimi ba zai karanta dubban layukan rubutun tushe ba. Abin da yake da shi kawai shi ne sunan da ya ji an yaba.

Sunan TrueCrypt kuwa ya tara yabo na gaske. A 2008 'yan sandan Brazil suka kwace faya-fayan attajirin banki Daniel Dantas. Masana ƙasar suka gaza buɗe su, aka kai wa FBI, ita ma ta shafe kusan shekara guda ba ta yi nasara ba. A watan Disamba na 2012, kafin duniya ta san shi, Edward Snowden ya koyar da amfani da ita a wani zama a Hawaii. Duk sunan da ya kai haka, ɓarayi za su so shi. A watan Yuli na 2015 kamfanin ESET ya bayyana cewa shafin truecryptrussia.ru yana raba TrueCrypt ta harshen Rashanci, yana ba yawancin baƙi mai kyau, amma zaɓaɓɓun mutane yana ba su wadda aka cusa wa manhajar leƙen asiri. A watan Oktoba na 2016 Kaspersky ya fallasa gungun StrongPity, waɗanda suka buɗe shafi mai suna true-crypt.com, da ɗan layi guda a tsakiya, suna kama mutane musamman a Turkiyya. Waɗannan mahara ba su karya lissafin AES ba, ba su ma gwada ba. Sunan suka ara, kuma waɗanda suka faɗa tarkon su ne masu abin ɓoyewa, tunda su ne ke neman irin wannan manhaja.

Ranar da mai gida ya fice

Ranar 28 ga Mayu, 2014, shafin TrueCrypt ya koma wani gajeren gargaɗi mai cewa amfani da ita ba shi da aminci domin tana iya ƙunsar kurakuran da ba a gyara ba, tare da shawarar a koma BitLocker. Aka saki siga ta 7.2 wadda buɗewa kawai take yi, ba ta kullewa. Lasisin ya koma 3.1, an cire sharaɗin ambaton asali da adireshi, amma hanin suna yana nan. Abin mamakin shi ne wannan ya zo ne a tsakiyar binciken ƙwaƙwaf da Matthew Green na Jami'ar Johns Hopkins da Kenneth White suka shirya da kuɗin karo-karo, wanda kashinsa na farko ya fito a watan Afrilu na 2014 ba tare da an ga ɓarauniyar hanya ba. Kashi na biyu, na kamfanin NCC Group, ya fito a watan Afrilu na 2015 da sakamako irin wannan. Green ya nemi a sassauta lasisin don wasu su ci gaba da aikin. Amsar da ta zo daga wanda ake ɗauka ɗaya daga cikin marubutan ne ita ce a'a, gara a sake rubutawa daga farko.

Sai magada suka rarrabu. Wasu a Suwizalan suka buɗe truecrypt.ch suka ajiye siga ta 7.1a ta watan Fabrairun 2012. Wasu suka fara CipherShed da niyyar sauya rubutun sannu a hankali har su kuɓuta daga tsohon lasisin, aikin ya yi ta jan ƙafa har ya tsaya bayan 2016. Wanda ya ɗore shi ne VeraCrypt, wadda Mounir Idrassi na kamfanin IDRIX a Faransa ya fara tun watan Yuni na 2013. Ya ƙarfafa yadda ake sarrafa kalmar sirri, daga zagaye 1,000 na lissafin SHA-512 zuwa 500,000, abin da ke sa mai gwada kalmomi ɗaya bayan ɗaya ya sha wuya ninki ɗari biyar. Sabon rubutunsa yana ƙarƙashin Apache 2.0 tun 2015, amma abin da ya gada yana nan a kan lasisin TrueCrypt 3.0, don ba shi da ikon taɓa shi.

Ga inda illar ta bayyana ƙuru-ƙuru. A watan Satumba na 2015 James Forshaw na Google ya gano kurakurai biyu a direban TrueCrypt na Windows, ɗaya daga cikinsu yana ba mai ƙaramin izini a kwamfuta damar zama mai cikakken iko. VeraCrypt 1.15 ta toshe su cikin 'yan kwanaki. TrueCrypt 7.1a kuwa har yau suna jikinta, kuma babu mai ikon fitar da gyararriya da wannan suna. Amanar da mutane suka tara shekara goma ta maƙale a kan rubutun da babu mai kula da shi, gyaran kuma ya zo da baƙon suna wanda sai da ya fara neman yarda daga tushe, har sai da kamfanin Quarkslab ya bincike shi a 2016. Hanin da aka kafa don kare mai amfani daga jabu, shi ne ya riƙe shi a kan tsohuwar da ta lalace.

Amsa ga masu ja

Masana kwamfuta za su ce duk wannan maganar lauyoyi ce, sa hannun dijital ya wadatar: ka sauke fayil, ka gwada sa hannun da makullin marubuci, in ya dace shi ke nan. Gaskiya ne sa hannu ya fi tambari ƙarfi wajen gano fayil ɗin da aka taɓa. Sai dai makullin da za ka gwada da shi, daga ina ka samo shi? Daga shafin da ka nema da suna. Wanda ya shiga true-crypt.com zai iya samun fayil da makulli da suka dace da juna sarai. Sannan siga ta 7.2 da makullin TrueCrypt na ainihi aka sa mata hannu, amma mutane suka shafe makonni suna gardamar ko an yi wa marubutan kutse ne ko an tilasta musu, domin sa hannu yana nuna wanda ke riƙe da makulli ne kawai. A garinmu kuma, inda tsadar data ta sa ake karɓar manhaja a filash daga shagon gyara ko a tura ta Xender, mutum nawa ne ke gwada sa hannu? Za a iya mayar mini da martani cewa tambarin ma bai hana StrongPity ba. Haka ne, ɗan fashi ba ya tsoron takardar rajista. Amma tambari yana ba da hanyar ƙwace adireshin intanet na jabu ta tsarin sasanta rikicin adireshi da ICANN ta kafa a 1999, da hanyar sa ma'ajiyar manhajoji ta sauke na bogi. Sharaɗin kawai shi ne a samu mai tambarin ya shigar da ƙorafi, a 2016 kuwa babu kowa a gidan.

Ja na biyu ya fi nauyi. Masu rubuta manhajar sirri suna da dalilin ɓuya. Gwamnatin Amurka ta binciki Phil Zimmermann daga 1993 zuwa 1996 saboda PGP. A watan Agusta na 2013 Ladar Levison ya rufe Lavabit da aka matsa masa ya miƙa makullan kamfanin. Wanda ba a san shi ba, ba a kai masa sammaci. Ban raina wannan hujja ba, kuma mai yiwuwa ɓuyar ce ta ba TrueCrypt shekara goma na zaman lafiya. Amma aikin rubutu dabam, riƙon suna dabam. Tor Project ƙungiya ce mai rajista tun 2006, tana riƙe da tambarinta alhali masu ba da gudummawa da dama ba a san fuskarsu ba. Software Freedom Conservancy ce ke riƙe da tambarin Git. Rigimar Mozilla da Debian, wadda ta sa Firefox ta zama Iceweasel a 2006, ta ƙare a 2016 saboda akwai ofis da mutane da za a zauna da su. Ana iya matsa wa ƙungiya, ba shakka. Garkuwar wannan ita ce rubutu a buɗe, da hanyar da kowa zai harhaɗa shi ya ga ya yi daidai da fayil ɗin da aka raba, kamar yadda Xavier de Carné de Carnavalet na Jami'ar Concordia ya yi wa 7.1a a 2013, da kuma lasisin da ke barin jama'a su kwashi aikin su yi gaba in amana ta karye. Na ukun nan ne TrueCrypt ta rage wa ƙarfi.

Ja na uku shi ne tunda ba a gurfanar da kowa ba, VeraCrypt kuma tana aikinta, to ina asarar? Asarar ba a kotu take ba. Har yau VeraCrypt ba ta cikin babbar ma'ajiyar Debian ko ta Fedora saboda gadon lasisin, don haka mai bukata sai ya fita neman ta a intanet, wato daidai filin da masu jabu ke farauta. Abin da ya ceci masu Linux shi ne haƙƙin mallaka yana kare rubutu ne, ba ya kare tsarin da aka jera bayanai a faifai. Alex Hornung ya rubuta tc-play daga farko a ƙarƙashin lasisin BSD, cryptsetup ta koyi buɗe faifan TrueCrypt a 2013, Tails kuma ta bi wannan hanya a 2018 don buɗe na VeraCrypt. Ƙwararru sun kashe shekaru suna sake gina abin da yake akwai, don kawai babu wanda zai sa hannu a takarda mai layi biyu.

Abin da ya shafe mu

A ɗauka wasu ɗalibai a Jami'ar Jihar Kaduna sun so su fitar da manhajar kulle faifai da Hausa don ƙananan asibitoci. In fassara kawai suke so, harsunan VeraCrypt a fayilolin XML suke, a fassara a aika wa masu aikin ya fi sauƙi da aminci fiye da ɓallewa. In sun ɓalle, lasisi biyu ne a wuyansu: ba TrueCrypt a sunan, ba VeraCrypt, kuma dole su saki rubutun tushen abin da suka gyara. Sabon sunan nasu kuma sai sun tsare shi da kansu. Tambari ba ya tsallaka iyaka. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Madrid, don haka rajistar Amurka ko ta Turai ba ta aiki a nan, tamu ma ba ta aiki a can. Za su je wurin rajistar tambari na Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari a Abuja, a aji na 9, kuma wanda ya riga shigar da takarda shi ke da rinjaye. In suna son masu amfani a Maraɗi da Damagaram, sai wata rajistar a OAPI da ke Yawunde, wadda ta haɗa ƙasashe 17 har da Nijar. Ra'ayina shi ne rajistar ta kasance da sunan ƙungiya mai amintattu, a rubuta ƙa'idar amfani da sunan a takarda dabam da lasisin, a kuma faɗi wanda zai gaje shi in aikin ya yi shekara biyu ko uku babu mai taɓa shi.

Saura tarkon mallaka irin wanda ya kama E4M ta Le Roux, wanda ya fi kusa da mu fiye da yadda ake zato. Dokar 2022 ta ce haƙƙin mallaka na marubuci ne tun farko sai in yarjejeniya ta ce akasin haka, amma aikin da aka yi a ƙarƙashin umarni ko kulawar gwamnati, ma'aikata ko hukumarta, na gwamnatin ne. Mafi yawan masu iya irin wannan aiki a Kaduna da Zariya albashin gwamnati suke ci, ko kuma suna da takardar ɗaukar aiki da wani kamfani wadda ba su karanta gaɓar mallakarta ba. Malamin da ya rubuta manhaja a ɗakin gwajin jami'a ya sake ta a ƙarƙashin Apache, yana iya ba da izinin da ba shi da ikon bayarwa, kuma duk wanda ya gina a kai ya gaji matsalar. Rikici irin wannan Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin saurarensa bisa sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999, kuma abin da alƙali zai fara nema shi ne rubutacciyar yardar ma'aikatar, mai kwanan watan da ya riga ranar da aka fara sakin rubutun.